Fareti a Bayan Baba

Wautar da na tafka ƙarama ce, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ranar Asabar na ɗaure ƙafar dama da tsumma na ce ƙusa ta soke ni, da gari ya waye kuma na manta na ɗaure ta hagu.

Ga yadda aka yi. Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki Baba ya yi ritaya daga soja, muka baro bariki muka dawo gidan kakanmu a Ƙofar Sauri. Ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya da hali iri biyu. Da safe za ka same shi yana tsokanar Inna, yana kwaikwayon yadda sababbin 'yan siyasa ke naɗe hannun babbar riga, har ƙanwata ta shaƙe don dariya. Kafin azahar kuma sai ya haɗe kamar hadarin gabas. Ba ya duka, ba ya zagi. Shiru kawai yake yi, irin shirun da ko kajin gidanmu sai sun koma sanɗa.

Inna ce ta gano maganin. Da ta ga kafaɗunsa sun ɗaga sun kusa taɓa kunne, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, ta ce, "Malam, ko a taka maka baya?" Sai kawai ya yi rubda ciki, ya ɗaga murya:

"Kofur, fareti."

Ni ne Kofur. Sai in cire silifa in hau, ina dogara tabarya don kada in faɗi. Daga ƙugu nake farawa, ina tafiya da diddige har kafaɗa, shi kuwa yana ba da oda daga ƙasa. "Hagu. Dama. Tsaya nan." A ƙarƙashin allon kafaɗarsa ta hagu akwai wani ƙulli mai tauri kamar goriba. In na danna shi, Baba kan saki wani dogon numfashi, na rantse ana iya jin sa a Ƙofar Marusa. Daga nan bakinsa ke buɗewa. Fuskarsa na cikin tabarma zai ba ni labarin da ba ya bayarwa a zaune, na dajin da suka yi wata biyu ba su ga rana sosai ba, da abokinsa ɗan Filato da suke raba gari da ƙuli a kwano ɗaya, wanda bai dawo ba. In na sauka sai ya miƙe, ya tambayi Inna ko akwai sauran tuwo.

Matsalar ita ce lokacin fareti shi ne lokacin ƙwallo. Kuma ina da shekara goma sha biyar, abokaina sun fara kira na mai tausa. Shi ya sa na nemo tsumma.

Baba ya dubi ƙafata ya daɗe yana kallo.

"Kofur, ƙusar nan tafiya take yi? Jiya dama, yau hagu."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya ce, "Tahi wurin ƙwallonka. An sallame ka."

Bai ƙara kira na ba. Ƙanwata ta gaji aikin, ita kuwa ba ta fi tsuntsuwa nauyi ba, in ta hau bayansa kamar ƙadangare ne ya bi ta kan katanga. Shirun Baba ya tashi daga na awa biyu ya koma na kwana biyu. Ina dawowa daga fili in gan shi zaune a zaure, kafaɗu a sama, in gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai riƙa jingine tabaryar nan a inda sai na yi tuntuɓe da ita.

Sau da yawa na so in ce ƙafata ta warke. Bakina ya ƙi.

Ranar da aka cire ni daga 'yan wasan makarantarmu na shigo gida kamar mahaukaci. Na shuri bokiti, na daka wa ƙanwata tsawa, na fashe da dariya da na ga bokitin ya kife a kan kaza, sai kuma ga hawaye ba tare da na gayyace su ba. Baba yana kallo daga gindin darbejiya.

"Zo nan. Kwanta."

Na ɗauka yau za a fara duka a gidanmu. Na kwanta. Sai na ji tafin hannunsa a bayana yana lalube, har ya tsaya ƙarƙashin kafaɗata ta hagu.

"Ga shi nan. Ashe gado ka yi." Ya danna. "Ja numfashi. Sake shi sannu. Kuma dai."

Ban san lokacin da ƙirjina ya daina dukan uku-uku ba. Ina jin warin tabarma da kaushin hannunsa, sai na samu kaina ina gaya masa komai, har batun mai tausa. Da na gama na ce, "Baba, gobe akwai fareti?"

Ya ce, "In ƙusa ta yarda."

Wata uku muka ƙara yi. Sai wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa gadi a Fatakwal. A faretin ƙarshe ya ce na yi nauyi, in bar ƙafa ɗaya a ƙasa.

Yanzu in abin ya taso mini, nakan jingina bayana da bakin ƙofa in danna wurin, in ja numfashi in saki. Yana ɗan yi, amma ƙofa ba ta tambayar me ya faru. Baba ma ya rubuto cewa kwalba yake sawa a ƙarƙashin bayansa yana mirginawa.

Shekara biyu ke nan da tafiyarsa. Sau ɗaya ya zo, da babbar salla, ya kwana huɗu. Baƙi sun cika gidan, ba mu samu mun shimfiɗa tabarma ba.