Kashin Raƙumi

Farin 1973 ya kashe shanun Ciɗo, ya baro Barmu ya koma gyaran takalma a kasuwar Tawa. Nan ya gamu da Haruna dillali, gwanin dara. Kullum in za su buga dara, Haruna tsinkaye yake ɗauka, ya tura wa Ciɗo kashin raƙumi ya yi ƴaƴan wasa da shi, ya ce, "Wanda ba shi da garke, wanga ne rabonai."

Shekara tara Ciɗo yana shan kashi, yana koyon tsare gida. Wata Lahadi Haruna ya yi gaggawar kai hari, ya bar bayansa a buɗe. Ciɗo ya dinga cinye tsinkayen, kowane ya ɗauka sai ya kira sunan ɗaya daga cikin shanunsa da suka mutu. Da ya gama, ya tura masa kashin.

"Riƙe, Haruna. Ni garkena ya dawo."