Maginin da Ya Riƙe Gidajen Gindin Dutse

Gindin Dutse ƙaramin ƙauye ne a gabashin Ikara, ya jingina da wani babban dutse mai sanyin iska, da ƙorama da ba ta cika ƙafewa ba. A nan aka haifi Malam Ashafa, maginin ƙasa, wanda ya gaji sana'ar daga kakansa. Na san shi ne lokacin da aka tura ni koyarwa makarantar firamaren da ke kusa da su.

A shekarar da ruwa ya cinye gadar da ta haɗa ƙauyen da babban titi, abubuwa suka lalace. Mota ta daina shiga. Manomi ya noma rake da tumatir, ya rasa yadda zai fitar da su. Sai mutane suka fara kwashe iyalansu, wasu Ikara, wasu Makarfi, wasu har Zariya. Gida a lokacin ko kyauta ka ba mutum sai ya yi maka godiya ya wuce. Cikin gidaje wajen arba'in, tara kaɗai suka rage da hayaƙi.

Ashafa bai tafi ba. Da damina ta gabato, ya gama gyaran soronsa, sai ya hangi ciyawa ta toshe indararon maƙwabcinsa da ya ƙaura. Ya jingina tsani ya hau ya share, ya kwaɓa ƙasa ya toshe tsagar da ya gani. Washegari ya wuce gida na gaba.

Matarsa Mero ta tare shi a zaure, ta ce, "Malam, masu gidajen nan fa sun tafi. Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Babu. Amma da hannuna na ɗora azarar rufin da yawa daga cikinsu. Ba zan iya zama ina kallon ruwa yana cinye su ba."

Haka ya riƙa yi shekara goma sha ɗaya. Kafin ruwan farko ya bi soraye ɗaya bayan ɗaya, bayan kaka ya jiƙa makuba ya sake yaɓe katangun da suka zaizaye. Ni da kaina na taɓa ganinsa a saman wani gida da ba kowa a ciki, rana na dukan ƙeyarsa, yana shafa ƙasa da tafin hannu kamar gobe za a kawo amarya. Mutanen kasuwar Ikara har tsokanarsa suke yi, suna ce masa sarkin kango.

Da aka sake gina gadar, aka zuba kwalta, sai baƙi suka fara zuwa ranakun Asabar su hau dutsen su sha iska. Ana nan wani dillalin gidaje mai suna Auwal ya kawo wani likita daga Zariya, Dakta Abdulƙadir, yana neman fili da zai gina wurin hutawa. Auwal ya faɗa masa tun a hanya cewa kangaye ne kawai, sai dai a rushe.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Likitan ya sunkuya ya shiga wani soro, ya tsaya cik. Ciki sanyi ƙalau. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, babu ko ɗigon tabon ruwa.

Ya ce, "Su waye ke zaune a nan?"

Auwal ya ce, "Ranka ya daɗe, rabon gidan nan da mutum ya fi shekara goma."

Da likitan ya ji wanda ke gyara gidajen, sai ya sa aka kira Ashafa. Da tsohon ya iso da ƙasa a gwiwar hannunsa, sai ga babban likita ya durƙusa yana gaishe shi. Ya ce, "Baba, ba zan taɓa ko tubali ɗaya ba. Yadda yake haka nake so."

Labari ya bazu. Kafin damina biyu, masu saye suna ta zuwa daga Zariya da Kano, gidajen da aka rasa mai karɓa suka yi daraja. Waɗanda suka ƙaura suka riƙa dawowa domin ciniki, kowa ya zo sai ya riƙe baki.

Cikinsu har da Hussaina, wata dattijuwa da mijinta ya rasu a Makarfi. Ta zo da niyyar sayar da fili ne, don ta tabbata ɗakinta ya daɗe da komawa ƙasa. Ta tura ƙofa, ta tarar da murhunta da randarta a inda ta bar su. Ta zauna a bakin gadon ƙasa ta yi ta kuka. Da ta fito ta ce wa dillalin ya ba mai saye haƙuri, ta fasa. Ta juya wurin Ashafa ta ce, "Yaya, me zan ce maka?"

Ya ce, "Ki dawo kawai, Hussaina. Ɗaki ya fi son numfashin mutum."

Yanzu gwiwoyin Ashafa sun hana shi aiki. Magidanta huɗu ne suka zo koyon ginin ƙasa a wurinsa, ɗaya har daga Kudan. Yakan zauna a inuwa, a kawo masa curin kwaɓi, ya murza da yatsu, ya sansana, ya ce a ƙara ciyawa ko a bar shi ya kwana biyu tukuna. Makon jiya Hussaina ta aiko masa da ƙwaryar fura, ya sa aka raba wa ma'aikatan.