Jakar da Yaya Bukar Bai Ɓoye Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bukar, dillalin shanu a karar Potiskum. Allah Ya jiƙansa.

A Fika muka tashi, muna wanka a kududdufi. Yaron da ya fara fitsarin jini sai a ce ya zama namiji. Ashe tsargiya ce. Na Yaya ya lafa, sai da ya haura hamsin jinin ya dawo, ga zafi ga rama. Ya sha jiƙe-jiƙe ya gaji kafin muka kai shi Maiduguri. Likita ya ce ciwon daji ne a mafitsara, har ya fara taɓa kaluluwar da ke kusa da ita. Sai an cire su duka, a buɗe 'yar ƙofa a gefen ciki, fitsari ya riƙa zuba a jaka.

Innarmu ta ƙi. "Yaya za ka tsaya gaban Ubangiji da fitsari a jikinka?" Bai yi mata musu ba. Ya je wurin limaminmu a unguwar Dogo Nini, ya dawo ya durƙusa ya ce, "Inna, malam ya ce sallar mai lalura ta yi. Addu'arki nake nema." Ta yi kuka, ta sa masa albarka.

Aka yi tiyata, aka bi da allurai masu zubar da gashi. Da ya ji ƙarfi ya koma kara. Wasu suka riƙa matsawa daga tabarmarsa, ya yi kamar bai gani ba. Shekara huɗu ya ƙara yana ciniki, ya aurar da 'yarsa, kafin ciwon ya sake ɓulla ya tafi da shi.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zai ji daɗin yadda maza suka fara ambaton mafitsara ba tare da sunkuyar da kai ba. Amma na san da zai tsaya gaban masu tallar magani da lasifika, masu cewa kwalba ɗaya na narkar da daji, ya ce su ji tsoron Allah.

Abin da nake alfahari da shi ya faru ne wata Laraba. Wani makiyayi, Jauro, ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa shi ma yana ganin jini. Yaya ya ɗaga riga a tsakiyar kasuwa ya nuna masa jakar. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ka tun ba ka kai nan ba." Da kansa ya raka shi asibiti. Na Jauro bai kai kaluluwa ba, aka kankare ƙarin, aka bar masa mafitsararsa.

Jauro na nan da ransa, yana kiwo. Jikansa na fari sunan Yaya ya sa masa. A rugarsu Buba suke ce wa mai wannan suna, amma Jauro ya hana kowa ya kira yaron da wani suna sai Bukar.