Sunan da Goggo Consolata Ba Ta Kira Ba

Goggo Consolata ce ke buga ƙararrawar coci a Wurrumiyanga, garinmu na kan tsibiri, tun kafin in san damana da haguna. Ƙanwar mahaifina ce, gajera, mai faɗin ƙafa, ba ta sa takalmi sai ranar Lahadi. Matan mishan ne suka raine ta, su suka laƙa mata Consolata, suka koya mata keken ɗinki. Shekara talatin ta yi tana ɗinka siket a shagon mata. In ruwan teku ya janye kuwa, babu mai riga ta shiga taɓo neman kaguwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta kira mutum daga ƙofar gidanta har masu jiran jirgin Darwin sai sun waiwaya.

Ni ce Philomena, Mena ake ce mini. Ina aiki a ƙaramin asibitin tsibiri. Sistagel ce ni, wato irinmu da aka rubuta wa namiji ranar haihuwa, muka tashi muka san mu mata ne. Mun daɗe a tsibirin nan, ba jirgi ne ya kawo mu ba, ko da wa zai ce muku me.

'Yar farin Goggo irina ce, kuma sa'ata. Ita ta zaɓa wa kanta Marcella, muna 'yan shekara goma sha biyu, a bayan makaranta muna shan mangwaro. A zamaninmu babu likitan da za ki je wa da wannan magana. Ƙwayoyin tsarin iyali na yayyenmu muke sata muna haɗiya, muna jiran abin da bai zo ba. Marcella ce ke jan waƙa a coci. Tana sha huɗu muryar ta fashe, kafaɗu suka buɗe, masu ƙwallo suka fara zarya a gidansu suna neman dogon yaro. Ta daina waƙa. Daga baya ta daina fita. Uwarta ba ta taɓa dukanta ba, ba ta kore ta ba, in faɗi gaskiya. Sai dai ko sau ɗaya ba ta ce mata Marcella ba. Tana sha tara aka same ta wata safiya a bakin teku, wajen itatuwan taɓo. Ba zan faɗi yadda aka same ta ba.

Aka yi mata abin da ake yi. Aka turara gidan da hayaƙin ganye, aka sassaƙa ginshiƙai aka kewaye kabarin, dangi suka shafe fuska da farar ƙasa don kada kurwar ta gane su ta ja wani ya raka ta. Aka yi mata rawar ɗa namiji, mu muna can baya muna kallo. Sunanta na baftisma ya zama pukumani, wato haramtacce, babu mai furta shi. Wani mai gadin shago da ke da irin sunan sai da ya shekara ana ce masa Dogo. Da aka yi bikin ƙarshe kowa ya sami sakin baki, ban da Goggo. Shekara ashirin da biyu ke nan, sunan bai sake fitowa daga bakinta ba.

Jikarta kuwa a hannunta ta tashi. Uwar yarinyar tana Darwin, injin wankin ƙoda ya ɗaure ta a can, don haka a takarda Goggo ce mai riƙo. Sunan da aka sa wa yarinyar Cyprian ne, na faɗa muku don ku gane, ba don ina so ba. Tana sha uku ta shigo mini asibiti da sunan ciwon kai, ta rufe ƙofa, ta ce, "Anti Mena, ni Jacinta ce. Kuma muryata ta fara rawa." Ita ke jan waƙa a coci yanzu, a kan bencin da Marcella ke tsayawa.

Amma zamani ya canza, na ce a raina, wannan karon muna da abin yi. Wata takwas ana zama da ita, da mai ba da shawara, da wata likitar yara daga kudu da muke gani ta allo. Babu wanda ya yi gaggawa, har haushin jinkirinsu na ji. A ƙarshe likitar ta ce za a iya farawa in mai riƙo ta ji bayani ta sa hannu.

Ranar Alhamis Goggo ta zo da takalmin Lahadi, Jacinta na biye da ita. Likitar ta yi bayani a hankali, ni ina juyawa zuwa harshenmu. Allura ce duk wata uku, tana tsayar da balaga inda take. In an daina, jiki ya ci gaba da tafiyarsa. Za a riƙa duba ƙashi, don yana iya rauni. Maganar magungunan da ke mayar da jiki na mace kuwa sai nan gaba, in ta ƙara girma, wannan shawara ce daban.

"Tambaye ta," in ji Goggo, "muryar fa?"

"Ta ce za ta tsaya yadda take yau."

"Haihuwa fa?"

"Ta ce allurar kaɗai ba ta rufe ƙofa. In an wuce zuwa na gaba, to, akwai magana, kuma ba za su ɓoye miki ba."

Goggo ta gyaɗa kai, ta miƙa hannu na ba ta biro. Na rantse har na fara gode wa Allah. Sai likitar, baiwar Allah, da kyakkyawar niyyarta ta ƙara cewa daga yau su a asibiti sun daina amfani da tsohon sunan, kuma zai taimaki yarinyar ƙwarai in a gida ma aka daina kiransa gaba ɗaya. Ni kuma, wawuya, na fassara shi tsaf. Ni da aka haifa a nan. Ni da na shafa farar ƙasa.

Goggo ta ajiye biron.

"A daina kira," ta ce.

"Goggo, ba haka take nufi ba."

"Na taɓa daina kiran suna a gidana. Ba zan yi na biyu ba." Ta juya ga yarinyar. "Cyprian, tashi mu tafi."

Jacinta ta tashi, amma ba ta bi ta ba. Ta fita ta ƙofar baya. Na bar ta, na ce ta je ta huce.

La'asar ta yi ba ta koma gida ba. Ba ta gidan ƙawayenta, ba ta filin ƙwallo. Wata mata ta ce ta ga silifas ɗinta a kan hanyar da ke gangarawa itatuwan taɓo. Da na isa na tarar Goggo ta riga ni, ta yar da takalmin Lahadin, ta shiga taɓo har gwiwa. Ruwa ya fara dawowa. Wurin nan ne dai, ba wani ba. Shekara ashirin da biyu ina zagaye shi, ko kaguwarsa ba na ci.

Goggo tana ta kiran tsohon sunan da muryar nan tata. Tsuntsaye suka tashi. Ta kira har muryar ta dusashe, babu abin da ya amsa sai ƙwas-ƙwas ɗin taɓo. Tsoro ya kama ni, kuma ni in tsoro ya kama ni bakina ba ya da linzami.

"In tana da rai tana jin ki," na ce. "Ba za ta amsa wannan ba."

"Rufe mini baki."

"Ni fa? Shekara nawa kina ce mini Mena, haƙorinki ko ɗaya bai faɗi ba."

"Ke ba ni na haife ki ba." Ta juyo, fuskarta duk taɓo. "Ke kin san abin da nake yi kullum da safe? Kafin in ɗora ruwan shayi sai na kira sunan yaron nan na ji ya yi tsaki. Muddin ana kiran sunansa, to yana nan. Wancan da na binne yana yawo a nan wurin, na sani, ina jin sa. Yana neman abokin tafiya. In na yi shiru da sunan jikana, ai na gaya masa ke nan ga wani an sallama."

Sai a lokacin na gane. Duk watannin nan na ɗauka taurin kai ne, ashe gadi take yi. Tausayinta ya kama ni, amma ban sassauta ba, don ruwa ya kai mana cinya.

"Goggo, wancan ma kin kira shi kullum da safe. Ya tsare ta?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni.

"Sunan da kika rufe ba shi take amsawa ba. Nata na gaskiya babu dattijon da ya hana, don babu wanda ya ɗauke shi suna. Yana nan a buɗe tun ranar. Kin san shi. Ta gaya miki a gabana, kina kan keke, ba ki ko ɗaga kai ba."

Hannun ya sauko. Ta daɗe tana kallon ruwa yana zagaye saiwoyi. Sannan ta fuskanci itatuwan, ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"Jacinta."

Ko ni da ke gefenta da ƙyar na ji. Ta ja numfashi, ta sake shi da muryar ƙofar gida. "Jacinta! Ke Jacinta!"

Can ciki reshe ya motsa. "Na'am, Kaka."

A kan wani reshe take zaune, ta rungume gwiwoyinta, ruwa na lasar ƙafarta. Duk abin da muka faɗa ta ji. Abin da ya kai ta wurin ban tambaye ta ba a ranar, washegari ni da mai ba da shawara muka zauna da ita. Ta sauko, Goggo ta damƙe damtsenta ta shiga lalube ta, kai, wuya, kafaɗu, kamar mai duba ko an rage wani abu.

"Shegiya mai kunnen ƙashi," ta ce. "Kin sa na yar da takalmina."

"Dama ya matse ki."

"Wuce mu tafi. Mena, takardar nan tana nan?"

Na ce tana nan. Ta sa hannu ranar Litinin, an yi allurar farko kafin damina ta sauka, kuma Jacinta na nan tana jan waƙa. Amma ba wannan ne ke dawo mini ba in na rufe ido.

Mun kusa fita busasshiyar ƙasa, yarinyar tana gaba, sai na ji babu motsin Goggo a bayana. Na waiwaya. Ta koma ta fuskanci itatuwan, ruwa a ƙugunta, fuskarta babu farar ƙasa, babu abin da zai ɓoye ta.

"Marcella," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Haka ake kiran yarinya ta zo ta ci abinci. Ta karkata kai ta saurara, kamar yadda ta saurara ɗazu. Ni ma na sami kaina ina saurare, na riƙe numfashi, ina kallon rassan ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ta kira. Muka tsaya har ruwa ya kai mata ƙirji, sannan na koma na kamo hannunta.