Larabar Mutanen Jami'a

Ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bakin garin Tambuwal, unguwar 'yan ga-ruwa da mata masu surfe a biya su, lokacin da mutanen jami'a suka zo mana daga Sakkwato. Wata malama ce mai tabarau ta jagorance su, tare da ɗalibanta masu koyon aikin koyarwa. Iska ta riga ta kwashe rabin kwanon ajina, yara a kan buhunan taki suke zama.

Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta zauna a bayan aji har na gama darasi, sannan ta ja ni gefe ta ce, "Malama, yaranki sun iya rera abin da ke kan allo, amma ba su iya karanta shi ba. Mu haɗa hannu mu gyara."

Duk Laraba suke zuwa. Suka kawo ƙananan littattafan Hausa masu hotuna, suka nuna mana yadda ake fara wa yaro da sautin harafi. Suka sa aka yi mana sabon rufin azuzuwa, aka kawo bencina. Kafin damina ta faɗi, wata yarinya mai in'ina, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta karanta shafi guda ita kaɗai. Washegari uwarta ta aiko mini da fura a ƙwarya.

A cikin daminar nan 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Kebbe. Mutane suka yi ta shigowa gari da tabarmi da awaki. Da yake makarantarmu ce mai sabon rufi, nan aka sauke su. Na tarar da wata tsohuwa daga wajen Fakku ta kafa murhu a ƙofar ajina. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Ina kika so mu tai? Rumbunanmu duka anka ƙone." Na tattara yarana. Muka koma ƙarƙashin darbejiya, ranar da aka yi ruwa kuma babu karatu. Itace ya yi tsada, bencinan suka fara shiga wuta ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba.

Jami'a ta hana ɗalibanta hawa hanya. Malamar ta zo sau ɗaya a motar haya, ta zaga azuzuwan. Da za ta tafi ta ce, "In hanya ta yi kyau za mu dawo." Bayan wasu watanni ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce an mayar da shirin wata makaranta a cikin birni.

Wasu daga cikin baƙin sun koma gida, da yawa sun zauna. 'Ya'yansu yanzu suna ajina, mun yi yawan da ba na iya jin karatun kowa. In babura suka wuce a jere, sai su yi tsit, wasu su kwanta a ƙasa, sai na daɗe ina lallashi kafin su ɗago kai. Na kusa ritaya, kuma har yau ba a turo wanda zai karɓe ni ba.