Madam Edith da Harsashin da Bai Fita Ba

Isiyaku na Makera macuci ne, kuma ba zan sakaya sunansa ba. Cewa yake yana zuƙo harsashi daga jikin mutum da ƙaho da ganye. Mutane suna zuwa wurinsa don gudun kada asibiti ta tambaye su takardar 'yan sanda. Amma ba dominsa na ɗauki alƙalami ba, sai don matar da ta tona asirinsa, Madam Edith, mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda ta yi ritaya a watan nan.

Kullum da safe daga Narayi take hawo bas, ta rataya rigar darma mai nauyi mai tare hasken injin hoto, ta shige ɗakin da ba taga. Majinyata likita suke yi wa godiya. Ita ko sunanta ba sa tambaya.

A shekarar da soja suka koma bariki, 'yan bangar siyasa suka yi harbi a wani gangami, harsashi ya sami Nuhu kafinta a ciki. Aka fara kai shi wurin Isiyaku. Washegari Jamila, matar Nuhu, ta kawo shi asibiti, cikin ya kumbura, ya yi tauri. Likita ya ce a yi hoto. Jamila ta ƙi, ta kwance bakin mayafinta, ta nuna wa Edith harsashi.

"Ga shi, Madam, an cire. Allurar zazzaɓi kawai za a yi masa mu tafi."

"'Yar'uwa, in an cire, hoto zai nuna. In yana nan fa? Gida za ki kai shi ya mutu?"

"Malam Isiyaku ya ce hasken injinku yana karya magani."

"To ya karye. Kama min ƙafafunsa."

Edith ta manna ɗan ƙarfe a bakin raunin, don likita ya ga inda harsashin ya shiga da inda ya tsaya. Nan aka ɗauke wuta. Da ƙafarta ta je ta tsaya a kan mai janareta har ya tayar. Ta ɗauki hoton ta gaba, ta ɗauka ta gefe. Da ta ɗaga hoton, ga harsashi fari fat kusa da ƙashin baya.

Jamila ta dubi na hannunta. "To wannan na waye?"

Aka shiga da Nuhu tiyata, aka ɗinke hanjin da ya huje. Har yau yana sana'arsa.

Madam Edith, ke ce idon likita a inda ido ba ya kaiwa. Ba ki yi zagi ba, ba ki kuma ja da baya ba. Mun gode. Ma'aikatan da ke cewa ba ruwana, ku ji kunya, ku koya. Wanda aka harbi nasa kuwa, asibiti zai nufa, ba wurin mai ƙaho ba.

Jamila ta kai wa 'yan sanda harsashin nan tare da hoton. Suka sami kwano cike da irinsa a ɗakin Isiyaku. Alƙali ya ɗaure shi.