Mutanen da na kankare daga jiragen Baba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Baba maƙabartar Baƙi'a. Maƙwabtanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina suna tuna shi da fara'a. Ni kuwa da bangon ɗakinsa nake tuna shi.

Kafin ya taho Hijaz, Baba ya yi ƙuruciyarsa yana cusa itace a murhun jiragen ruwa masu hayaƙi, tsakanin Lakwaja da Yola. Da ya zauna a Madina, garin da babu kogi, sai ya shiga tara hotunan jiragen, zane ne da aka buga a takarda mai kauri. Wasu a Jidda ya saya, wasu alhazai suka kawo masa. Guda bakwai, kowanne cikin gilashi. A saman kowane jirgi akwai 'yan mutane tsaye, ba su fi ƙwayar shinkafa ba.

Su suka hana ni sukuni. Na taso da karatun cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai, ga shi Baba ya fara ciwo. Wata Juma'a da ya tafi Harami, na sauke hotunan, na sa reza na kankare mutanen ɗaya bayan ɗaya, na mayar da hotunan bango. Har ina jin na yi masa hidima.

Da ya dawo, ya daɗe tsaye gaban bangon.

"Ya binti, 'yata, ina Audu Banufe?"

"Wane Audu, Baba?"

Ya ɗora yatsa kan farin tabon da reza ta bari. "Nan yake tsayawa. Nan kuma Garba mai igiya, wanda ruwa ya ci."

Ashe kowane ɗan mutum ya laƙaba masa sunan abokin aikinsa da ya rasu. Tsufa ya fara sace masa sunaye, shi ya sa kullum da safe yake bin su da yatsa yana yi musu addu'a.

"Don mala'iku na yi, Baba."

"Na sani. Ma'alesh, ba komai. Allah ya ba ki ladan niyyarki."

Bai sake tayar da maganar ba. Amma nakan ji shi ya fara kira, ya kai na uku, ya yi shiru. Garin gyaran gira na rasa ido.

Yau da zai ga alhazan gida suna sauka a filin jirgin sama ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba, da dariya zai yi. Da zai ji jikokinsa ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, wannan ban san me zai ce ba. Hukuncin hoton mai rai ba na jayayya da shi har gobe. Laifina shi ne ban tambaye shi ba, alhali muna gida ɗaya.

Sunaye biyar na iya tsinta daga bakinsa kafin ya tafi, su nake kira bayan kowace sallah. Sauran, ko adadinsu ban sani ba. Sai in ce: Ya Allah, da waɗanda Baba ya manta ta sanadina, Kai ba Ka manta da su ba.